Yadda ake kwantar da raɗaɗi ga mai rauni da aka kwantar a asibiti

Wannan bayani na sabon ma'aikacin jinya ne da aka tura hawadis, wato sashen gaggawa, ko anbar, wato ɗakin kwanciya, na masu karaya, musamman a asibitocin Gadarif, Kasala, Sinnar da Damazin a ƙasar Sudan, inda Hausawa suke da yawa a cikin marasa lafiya. Raunukan da ake kawowa sanannu ne: haɗarin lori da bas a babbar hanyar da ta taso daga Wad Madani ta bi Gadarif da Kasala, kifewar raksha, wato babur mai ƙafa uku, a cikin gari, tarakta da injin sussuka lokacin girbin riɗi da dawa, ƙuna, sannan tun ɓarkewar yaƙi a Afrilun 2023 an ƙara da raunin harsashi da na ɓaraguzai. Adadin magungunan da za a ambata na babban mutum ne mai kilo 50 zuwa sama, sai inda aka faɗi na yaro. Likita ne ke rubuta magani, amma kai ne ke gefen gado, kai za ka fara ganin ko ya yi aiki ko ya yi yawa.

Raɗaɗin da aka bari yana da ɓarnarsa. Mai ciwon ƙirji ba ya shaƙar iska sosai kuma ba ya tari, sai majina ta taru huhu ya kamu. Wanda motsi ke yi wa zafi yana kwanciya wuri guda, jini ya daskare a jijiyar ƙafarsa, bayansa ya yi gyambo.

Kayan aiki

Agogo mai hannun daƙiƙa, na'urar awon jini, da na'urar auna iskar jini da ake maƙalawa a yatsa, tare da batir na ajiya saboda ɗaukewar wuta. Kanula (siririn bututun da ake sakawa a jijiya), sirinji mai mililita 10, ruwan salin (ruwan gishiri na ƙarin ruwa), da filasta da biro don rubuta sunan magani a jikin kowane sirinji. Karan ɗori ko katako ko kwali mai kauri, auduga, bandeji, matashin kai. Takardar rubuta awon ciwo. Magunguna: farasitamol, ibufurofen ko dikulofenak, mofin, ketamin, lidokain na kashe wuri, maganin amai. Abu biyu kuma dole su kasance kusa kafin a buɗe kwalbar mofin: nalokson, maganin da ke karya ƙarfin mofin, da jakar hura iska ta ambu. Idan akwai iskar oksijin, a duba tukunyar tun farkon aiki, kada sai buƙata ta taso.

1. Fara da abin da ke kashewa

Hanyar iska, numfashi, zubar jini, hankali. Duba su bi da bi kafin komai. Mai rauni da ke fizge-fizge yana zabura ba lallai ciwo ne ke sa shi ba. Ƙarancin iska, zubar jini a ciki da raunin kai duk suna kawo haka. Sa kanula, auna jini, ƙirga numfashi na minti guda cur, duba ƙwayar ido, ka rubuta. Waɗannan lambobi ne za ka riƙa kwatantawa da su bayan an ba da magani.

Wannan duba ba ya wuce 'yan mintuna, kuma ba hujja ba ce ta barin mutum yana murƙususu har likitan tiyata ya iso. Tsohuwar maganar nan cewa maganin ciwo yana ɓoye alamun raunin ciki an daɗe da barinta. Wanda ya samu sauƙi ma ya fi bari a taɓa cikinsa da kyau.

2. Auna ciwon

A nan ne sababbi suka fi faɗuwa da mutanenmu. Ka tambayi dattijo Bahaushe mai karayar cinya "Baba, yaya jiki?" zai ce maka "da sauƙi, alhamdu lillahi," alhali gumi na tsattsafo masa. Amsar gaisuwa ce ya ba ka, kuma ya yi daidai. Mata sukan ɓoye don kunya, samari don kada a ce ba su da dauriya, wasu kuma suna ganin kuka da ciwo rashin haƙuri ne da ƙaddara. Saboda haka bayan gaisuwa sai a yi tambaya ta biyu: "Baba, in sifili shi ne babu ciwo sam, goma kuma ciwon da ba ka taɓa jin irinsa ba, yanzu nawa ne?" Daga 1 zuwa 3 ƙarami ne, 4 zuwa 6 matsakaici, 7 zuwa 10 mai tsanani. Wanda lamba ba ta shige shi ba, yi masa da yatsun hannu, ko ka ba shi zaɓi huɗu: babu, kaɗan, da dama, ya kai maƙura.

Tambayi awo biyu, na kwance shiru da na motsi ko tari. Na biyun ya fi faɗin gaskiya. Tambayi kuma irin ciwon. Zogi da tsami na ƙashi da nama ne. Wanda ke yi kamar wuta, ko suka kamar allura, ko fizga kamar lantarki, na jijiyar ji ne, kuma maganinsa daban.

Yi tambayar da harshen da mutum ke tunani da shi. Tsohuwar da ke ciniki da Larabci a kasuwa ba lallai ta iya bayyana ciwonta da shi ba. Kada kuma murafik, wato ɗan'uwan da ke zaman jinya, ya amsa a madadin mara lafiya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Yaro daga shekara 4 ana nuna masa hotunan fuskoki ya zaɓa. Ƙarami, ko wanda ba ya iya magana, ana duba abu biyar: fuska, ƙafafu, motsin jiki, kuka, da ko yana rarrasuwa, kowanne maki 0 zuwa 2.

3. Aikin hannu kafin allura

Ƙashin da ya karye yana motsi babu maganin da zai kwantar da shi. Ɗaure shi yadda ɗaurin zai kama gaɓar sama da ta ƙasa da karayar, da auduga a tsakanin fata da katako. Duba bugun jini da ji da motsin yatsu kafin ɗauri da bayansa. Karayar cinya tana son ja. A babba nauyin ja ta fata kada ya wuce kilo 5. Ɗaga hannu ko ƙafar da ta kumbura a kan matashi. Ƙanƙara a naɗe cikin tsumma minti 15 zuwa 20 tana rage kumburin targaɗe.

Ƙuna sabuwa a zuba mata ruwan sanyi mai gudana minti 20, muddin ba a wuce awa 3 ba, sannan a rufe, domin iska kaɗai da ke taɓa wurin azaba ce. Ba a sa ƙanƙara a ƙuna. Man goge baki, ƙwai da tumatir da 'yan gida ke shafawa a wanke su a hankali.

Idan an riga an biya ta wurin basir, wato maɗori, kwance ɗaurinsa ka ga fatar da idonka. Sau da yawa matsewar karan ce ke kawo rabin ciwon.

4. Ginshiƙi: farasitamol da abokinsa, a kan agogo

Kusan kowane mai rauni yana samun farasitamol, giram 1 duk bayan awa 6, kada ya wuce giram 4 a yini. Wanda bai kai kilo 50 ba, ko yaro, miligiram 15 ga kowane kilo. Mai ciwon hanta, ko wanda yunwa ta rame shi, kamar yadda ake gani ga masu gudun hijira, likita zai rage, yawanci kada ya wuce giram 3. Na ruwa ta jijiya ana barinsa ya shiga cikin minti 15. Idan mutum na iya haɗiya, ƙwayar ta wadatar kuma ta fi arha nesa ba kusa ba. Tambayi murafik ko sun riga sun ba shi Panadol ko wani maganin mura mai farasitamol a ciki, a haɗa lissafi.

A kai ake ɗora ibufurofen miligiram 400 duk awa 8 bayan abinci, ko dikulofenak, wanda aka fi sani da Voltaren, miligiram 50 duk awa 8, iyaka 150 a yini. Ɗaya daga ciki, ba duka biyu ba. Suna da kyau ƙwarai ga ciwon ƙashi, amma jerin waɗanda ba a ba wa yana da tsawo: mai zubar jini ko wanda ake zargin yana zubarwa a ciki, mai raunin kai, wanda jininsa ya faɗi, mai ciwon ƙoda, mai gyambon ciki, tsoho tukuf, mai ciki musamman watannin ƙarshe, mai asma da irin waɗannan magunguna ke tayar masa. Sai wanda gini ko mota ta danne na tsawon lokaci: tsokar da ta murƙushe tana sakin abin da ke toshe ƙoda, fitsari ya koma kamar shayi, kuma allurar Voltaren guda tana iya ƙarasa ƙodar. A zafin Sudan yawancin waɗanda ake kawowa daga gona jikinsu ya riga ya bushe. Jira a ƙara ruwa, fitsari ya kai rabin mililita ga kowane kilo a awa, sannan a fara. Kwana 3 zuwa 5 ya isa.

A kwana biyu ko ukun farko, a ba da waɗannan a kan lokaci ko ya nema ko bai nema ba. Rubutun "idan ya buƙata" ga mutumin da ba zai taɓa nema ba daidai yake da ba a rubuta komai ba.

5. Mofin ta jijiya

Ciwon da ya kai 7, ko matsakaicin da ya ƙi sauka, yana buƙatar mofin, kuma hanyarsa kaɗan-kaɗan ce ta kanula.

Karanta jikin kwalbar, domin wata miligiram 10 ce a mililita, wata 15. Idan mai 10 ce, ja mililita 1 ka cika da salin mililita 9, kowace mililita ta zama miligiram 1. Rubuta suna da ƙarfi a jikin sirinjin nan take. Mofin da ketamin da salin duk fari ne kamar ruwa, ido ba ya bambance su.

Ba da miligiram 2 a hankali, bi da ɗan salin ya tura shi, jira minti 5. Tambayi lambar ciwo, ƙirga numfashi, dubi farkawarsa. Idan har yanzu ciwon yana sama da 4, mutum yana farke, numfashinsa ya kai 12 a minti, ƙara miligiram 2. Haka za ka yi ta yi. Yawancin manya suna samun sauƙi tsakanin miligiram 5 da 10, wato kusan 0.1 ga kowane kilo. Saurayi mai karayar cinya yana iya neman fiye. Idan ka kai miligiram 10 ba canji, kira likita ya sake duba raunin kafin a ci gaba. Tsoho, mai rauni a ƙirji, da wanda lambar sama ta awon jininsa ta sauko kusa da 100, a yi musu miligiram 1 a kowane zagaye. Yaro miligiram 0.05 zuwa 0.1 ga kowane kilo, a hankali, da likita a wurin.

Ba a neman sifili. Abin da ake nema shi ne mutum ya iya shaƙar iska sosai, ya yi tari, ya juya, ya yi barci.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne allurar tsoka a ɗuwawu ga wanda ya zubar da jini. Jini ba ya zagayawa a tsokarsa, maganin ya kwanta a wurin, a ga bai yi aiki ba a ƙara wata. Da an ɗaura ruwa jini ya dawo, sai duka biyun su shiga jiki lokaci guda numfashi ya tsaya. Kuskure na biyu shi ne haɗa mofin da diyazefam, maganin sa barci, don mutum "ya kwanta." Diyazefam ba ya taɓa ciwo, yana dai hana mutum faɗa, kuma haɗuwarsu ita ce hanya mafi kusa zuwa ɗaukewar numfashi.

Bayan ciwo ya sauka, a ci gaba da mofin na sha miligiram 5 zuwa 10 duk awa 4, tsoho 2.5 zuwa 5. Ka tuna na sha bai kai na jijiya ƙarfi ba: miligiram 1 ta jijiya daidai take da 2 zuwa 3 na baki. Mai ciwon ƙoda maganin yana taruwa a jikinsa, sai a rage adadi a tsawaita tazara. Mai sikila da wanda ya saba shan taramadol sukan buƙaci fiye da kowa. A tambaye su a keɓe, ba a gaban iyaye ba.

'Yan uwa za su ce kada a yi masa allurar da za ta kama shi. Faɗa musu kwanaki kaɗan ne, a asibiti, da awo, kuma za a janye ta da zarar ciwon ya lafa. Duk abin da aka ba da da wanda ya rage a sirinji aka zubar, a shigar da shi littafin magungunan kulle da sa hannun mutum biyu.

6. Idan babu mofin

Ketamin shi ne mafi amfani, kuma yakan samu ko a ƙananan asibitoci saboda ɗakin tiyata. Ba ya sa jini ya faɗi, ba ya danne numfashi a ƙaramin adadi, don haka ya dace da wanda ya zubar da jini. Adadinsa na ciwo miligiram 0.1 zuwa 0.3 ne ga kowane kilo, nesa da adadin sa barcin tiyata. Kwalba mai miligiram 50 a mililita: ja mililita 1, cika zuwa 10, kowace mililita miligiram 5. Mai kilo 60 yana samun miligiram 12, kusan mililita biyu da rabi. Zuba shi cikin salin mililita 100 ya shiga cikin minti 15. Idan aka tura da sauri mutum yakan ga abubuwa, ya firgita, 'yan uwa su ce iska ce ta taɓa shi. Gaya musu tun kafin a fara, rage haske da hayaniya. Aikinsa gajere ne, shi ya sa ya fi dacewa da gyaran karaya, ɗaukar mara lafiya zuwa hoto, da wankin ciwo.

Fetidin an saba da shi, amma na bayan layi ne. Miligiram 100 nasa kusan 10 ne na mofin, aikinsa awa 2 zuwa 3 kacal, kuma abin da yake rikiɗewa a jiki yana taruwa ya kawo jijjiga. In dole ne, narka 100 cikin mililita 10, ba da miligiram 10 zuwa 20 duk minti 5, kada a wuce kwana 2, kada a ba mai ciwon ƙoda.

Taramadol na matsakaicin ciwo ne: miligiram 50 zuwa 100 duk awa 6, iyaka 400 a yini, wanda ya haura shekara 75 iyaka 300. Ba a ba mai farfaɗiya, mai raunin kai, yaro ƙasa da shekara 12, ko a haɗa shi da fetidin. Turawa da sauri ta jijiya amai ne nan take.

7. Sa ido

Sake auna ciwo minti 15 zuwa 30 bayan na jijiya, awa 1 bayan na sha. Bayan mofin, duba duk minti 15 a awar farko, sannan duk awa har awa 4.

Barci ne ke fara zuwa kafin numfashi ya ragu, don haka shi ake fara lura da shi. Wanda ke barci amma da ka kira sunansa ya farka ya yi magana daidai, lafiya. Wanda ke gyangyaɗi a tsakiyar magana, dakatar da mofin ka kira likita. Minshari mai ƙarfi da numfashi mai tsayawa ba barcin gajiya ba ne. Koya wa murafik wannan, shi ke zaune da dare. Na'urar yatsa tana iya nuna lamba mai kyau ga wanda ke kan oksijin alhali numfashinsa ya yi ƙasa, saboda haka ƙirga da agogo.

Numfashi ƙasa da 10 a minti, tsaya da magani, tashe shi, sa oksijin. Ƙasa da 8 ko ba ya tasuwa: buɗe hanyar iska, taimaka da ambu, narka nalokson miligiram 0.4 cikin mililita 10, ba da mililita 1 zuwa 2 duk minti 2 har numfashi ya dawo. Idan ya ɗauke gaba ɗaya, a ba da kwalbar duka. Nalokson yana ƙarewa cikin rabin awa zuwa awa guda, mofin kuwa yana nan, don haka kada ka bar gadon na tsawon awa 2 aƙalla. Inda babu nalokson, ambu da hannunka su ne magani har ƙarfin mofin ya wuce.

Amai: metokulofiramid miligiram 10 ko ondansitiron miligiram 4. Taurin bayan gida kuwa kusan kowa zai yi, a fara maganin sassauta ciki irin ƙwayar sanamakka tun ranar farko, sai in akwai rauni a ciki.

8. Kashe jijiyar wurin

Ga karayar cinya ko ƙugu, allurar kashe jijiya a matsematsi tana ba da sauƙin awowi da dama kuma tana rage buƙatar mofin, abin da tsofaffi ke amfana da shi sosai. Aikin wanda aka horar ne. Naka shi ne lissafi: lidokain zalla miligiram 3 ga kowane kilo, bufibakain 2. Lidokain mai kashi 1 cikin 100 miligiram 10 ne a mililita, mai kashi 2 kuma 20. Mutuwar leɓe, ɗanɗanon ƙarfe a baki ko ƙarar kunne alama ce ya shiga jini, a tsaya nan take.

9. Ciwon da ya ƙi jin magani

Idan ciwo yana ƙaruwa duk da mofin, kada hannunka ya tafi ga sirinji, ya tafi ga raunin. A ƙwauri da damtse, kumburi yana iya matse tsoka a cikin rufinta har jini ya daina shiga. Alamarsa ciwon da ya fi ƙarfin raunin, da ihu idan ka miƙar masa da yatsu a hankali, wurin ya yi tauri kamar itace. Jin bugun jini a ƙafa ba ya kore shi. Bugun yana ɓacewa ne bayan an makara. Tsaga filastar ɗori da bandeji da auduga har fata, sauke gaɓar daidai da tsayin zuciya, kira likitan tiyata. Cikin kusan awa 6 tsoka ke fara mutuwa.

Sauran abubuwan dubawa: mafitsara da ta cika, ciki da ke kumbura, iska da ta taru a ƙirji, ciwo da ya fara ruwa da zazzaɓi.

10. Haƙarƙari, kai da wankin ciwo

Mai karayar haƙarƙari ba a ɗaure masa ƙirji da bandeji ko rawani. A zaunar da shi, ya rungume matashi idan zai yi tari, ya ja dogon numfashi sau 10 kowace awa. Idan ya kasa, maganin bai isa ba. Tsoho mai karaya uku ko fiye a sa masa ido sosai daga kwana na 2.

Mai raunin kai: farasitamol, sai mofin miligiram 1 in ya zama dole, bayan an rubuta hankalinsa da ƙwayar idonsa. Duk barcin da ya ƙaru a ɗauke shi na ƙwaƙwalwa ne har a tabbatar.

Wankin ciwo da juya mara lafiya a shirya musu: na sha minti 45 zuwa awa 1 kafin a fara, na jijiya minti 10 zuwa 15. Jiƙa tsohon bandeji da salin har ya saki da kansa. Wanda aka fizge wa bandeji a bushe sau ɗaya, gobe tun daga jin ƙarar keken wanki jikinsa zai ɗau rawa.

11. Janye magani

Da ciwo ya tsaya ƙasa da 4 yana motsi, kuma mutum na ci yana sha, a koma na baki. Mofin ko taramadol ake fara janyewa, sannan ibufurofen, farasitamol a ƙarshe. Wanda ya haura mako yana kan mofin a rage masa a hankali cikin kwanaki. Ciwon wuta da suka, ko jin zafi a ƙafar da aka yanke, a sanar da likita da wuri. Amitiriftilin miligiram 10 zuwa 25 da dare yakan taimaka, amma sai bayan kwanaki ake ganin aikinsa.

Ranar sallama, rubuta wa mara lafiya lokutan shan kowane magani da ranar dainawa, ka karanta masa a gaban murafik. Wanda ba ya karatu, a ɗaura masa lokutan da salloli: farasitamol da asuba, azahar, magariba da lokacin kwanciya. Faɗa musu su dawo a ranar idan yatsu suka mutu ko suka yi sanyi, ciwo ya ƙaru cikin filasta, numfashi ya yi wuya, ko bayan gida ya fito baƙi.